Abarshi Ya Auna Baturen Gara

A duk ƙasar Birnin Gwari, daga Randagi har bakin dajin Kamuku, ba a yi mai cika baki irin Abarshi na Unguwar Bakoji ba. Kai, mutumin nan in ya buɗe baki, maroƙi ma sai ya rataye kalangunsa ya koma gida. Ya taɓa zuwa ci-rani can Kudu, garin da Turawa suka gina jami'a, ya yi 'yan shekaru, ya dawo da tabarau mai tsagaggen ido da alƙalamin da ba ya rubutu. Tun daga ranar ba a isa a yi zance ba sai ya ce, "Mu da muka yi jami'a..." A yi maganar tsadar gishiri, jami'a. A yi maganar tsutsar dawa, jami'a. Ko akuya ce ta ƙi cin dusa, sai ya gyara tabarau ya ce ai sun karanta wannan tun a ajin farko.

Lokacin kuwa ƙarshen zamanin Turawa ne, siyasa ta shigo ƙauye da zafinta. Masu bin sarakai suna cewa "Salama", samarin adawa suna cewa "Sawaba". Alamar ɗan Sawaba ba ta ɓuya: in ya zo gaban mai sarauta ba ya tuɓe takalmi, ba ya zubewa gaisuwa. Shi ko Abarshi ɗan Salama ne na ƙin ƙarawa. In za shi gaida Dagaci Salmanu, tun daga bakin kasuwa yake cire takalmi, ya riƙo su sama don kowa ya shaida.

Ana nan sai ga labari: Ja'afaru, ɗan yayarsa Huraira, malamin elementare, ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi a wannan jami'ar. Mahaifinsa ya rasu, saboda haka baffansa Dagaci shi ke da ikon cewa a tafi ko a zauna. Huraira ta yi ta guɗa har muryarta ta dushe. Abarshi kuwa abin bai yi masa daɗi ba. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. In yaron nan ya je ya dawo, wa zai ƙara sauraron "Mu da muka yi jami'a"? Nan take ya ƙudura a ransa, Ja'afaru ba inda za shi.

Da la'asar mutane sun cika ƙofar gidan Dagaci, Abarshi ya iso da takalmi a hannu, ya zube, ya kwashi gaisuwa, sannan ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ni da na ga jami'a da idona nake gaya maka, babu karatu a wurin. Farfesa guda sai ya shekara goma yana leƙen ƙafar ƙuda. Ƙafa ɗaya fa! In ka tambaye shi ta kusa da ita, ya ce ba fanninsa ba ne."

Labaran tela, jagoran 'yan Sawaba na ƙauyen, yana can tsaye gindin durumi da takalminsa, don kada ya taka shimfiɗa a ce ya cire. Ya ɗaga murya ya ce, "To kai wace ƙafar ka karanta, Abarshi?"

"Ni duka na haɗa, har da fiffike."

Aka fashe da dariya. Abarshi bai ko kula ba, ya ci gaba.

"Wannan ma da sauƙi, ranka ya daɗe. Babbar masifar, duk farfesoshin nan 'yan Sawaba ne, kaf ɗinsu! Yaro ya shiga da ladabinsa, ya fito yana miƙa wa ubansa hannu a tsaye, ƙafa cikin takalmi. Kana so Ja'afaru ya dawo ya ce maka 'Sannu Salmanu'?"

Dagaci ya zabura, ya ce, "A'uzubillahi!"

Labaran ya ce, "Ƙarya yake! Ina ma namu ne! 'Yan koren Gwamna ne duka, su da sarakai bakinsu ɗaya. Ni tsorona kada su mai da mana yaro ɗan amshin Shata."

"Naku ne!"

"Naku dai!"

Kowa na ture wa ɗan'uwansa farfesoshi kamar gawar kare a kan iyakar gona. Sai muryar Huraira ta fito daga bayan zana.

"Abarshi, ka ji tsoron Allah! Ni na goya ka, na san ranar da ka fara ƙarya, ko haƙori ba ka yi ba. Yaron nan bai tare maka komai ba."

"Yaya, wannan maganar masu ilmi ce, ki bar mu."

Ja'afaru yana gefe a durƙushe, kai sunkuye, hankalinsa a tashe. Ya buɗe baki zai ce "Kawu", Abarshi ya ɗaga masa hannu.

Dagaci yana son ɗan ƙanensa ya yi karatu, amma ya tsani ranar da za a ce masa "Sannu Salmanu". Sai Hammadu, wani Bafillace da ya shigo gari sayen kanwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai ga ɗaya daga cikinsu can a daji. Wani tsohon Bature ne, ya kafa tanti kusa da mashayarmu, wai daga jami'ar yake. Ba abin da yake yi sai tonon suri. Mu Baturen Gara muke ce masa."

Abarshi ya yi tsalle ya dire. "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ranka ya daɗe, ka bar ni da shi. Ran kasuwa zan je in auna shi ciki da waje, in kawo maka shi nan. Kuma ga ma'auni, kowa ya shaida: duk wanda ya tako shimfiɗar nan da takalmi ɗan Sawaba ne, ko ɗan gidan uban wane ne, kada a saurari rantsuwarsa!"

Dagaci ya ce, "Gani ya kori ji. In ɗan Sawaba ne, Ja'afaru ya zauna. In ba shi ba ne, ya tafi. Hammadu da Labaran su bi ka, su zama shaidu."

Ran kasuwa da sassafe suka kama hanya. Abarshi ya sha babbar riga, ya kafa tabarau, ya soke alƙalami a hula. Damina ce, ciyawa ta kai ƙugu, raɓa ta jiƙa shi sharkaf, amma bakinsa bai huta ba. Suka tarar da Baturen a durƙushe gaban wani suri da ya fi mutum tsawo, tsoho ne mai furfura da jan wuya, ya kafa ido a wani rami kamar mai jiran a miƙo masa tuwo.

Abarshi ya zunguri Labaran. "Ka gani ko? Mutum ya ƙetaro teku don ya gaida gara. Wannan shi ne karatun!"

Baturen ya miƙe ya yi musu maraba da Hausa, Hausarsa a miƙe sai dai a hankali. Da ya ji Dagaci na gayyatarsa, ya ce to madalla, amma su fara zuwa ya nuna musu babban surin da ke ƙetaren rafi. Ya dubi ƙafafunsu, ya ce akwai zago masu cizo a wurin, ga dogayen takalman roba yana da su a tanti, sai dai na matarsa ne, ƙanana ne, da wuya su shigi wani.

Hammadu ya ce shi fatar ƙafarsa ta fi roba. Labaran ya ce nasa sun ishe shi. Abarshi ko idonsa ya faɗa kan takalman nan, baƙaƙe wul, suna ƙyalli, masu kaiwa gwiwa, sai ransa ya biya.

"Kawo su, Farfesa. Irinsu muke sawa kullum a jami'a."

Labaran ya ce, "Ƙafarka fa kamar faranti take, Abarshi."

"Jahilci! Takalmin ilmi ai matsewa yake."

Ya zauna ya tura, ya yi nishi, ya ja, ya buga diddige a ƙasa, jijiyar wuya ta tashi. Da ƙyar da jiɓin goshi ƙafafun suka shige, fut! Ya miƙe yana taku ɗai-ɗai, yatsunsa a dunƙule a ciki, yana murmushin ƙarfin hali.

A gindin babban surin aka fara awo. Abarshi ya gyara tabarau, ya ɗauko tambaya ta dabara.

"Farfesa, su waɗannan garar, yaya suke tafiyar da mulkinsu?"

Fuskar tsohon ta washe, an taɓo masa inda yake so. Ya ce, "Suna da sarauniya a can ƙasa, cikin ɗaki nata na musamman. Kowa yana yi mata hidima. Suna da dogarai masu manyan kai, su ne zago. In babu ita, gari ya watse. Tsari ne mai kyau ƙwarai."

Labaran ya raɗa wa Abarshi, "Ka ji ko? Naku ne. Har da dogarai."

Abarshi ya yi maza ya ce, "To su talakawan fa?"

"A, talakawa! Su ne komai. Su ke gini, su ke noma, su ke ciyar da ita. Ita ko tafiya ba ta iya yi. In ta gaza, sai su tayar da wata. Ni su na fi ƙauna."

Abarshi ya daka tsalle. "Sawaba! Na kama shi! Hammadu, ka shaida!"

Hammadu ya ce, "Na shaida na farkon ma."

Baturen bai san ana yi ba, ya ci gaba. "Da farkon damina kuma wasu sukan yi fiffike, su ne shinge, su tashi su bar gidan, su je su kafa nasu garin. Wannan ma daidai ne, dole yaro ya bar gida."

Labaran ya ce, "To wannan kuma na wace jam'iyya ce, malam mai jami'a?"

Abarshi ya rikice. Ya ga in bai yi wani abu ba girmansa zai zube a gaban shaidu. Sai ya ce, "Farfesa, duk wannan daɗewar da kake yi, ashe ba ka san hanyar ganin sarauniya ba? Mu a ajinmu da ƙafa ɗaya muke fito da ita." Kafin a ce kada, ya ja da baya, ya sheƙo da gudu, ya ɗirka wa surin ƙafa.

Ruwan sama ya riga ya jiƙa ginin. Ƙafar ta burma har cinya, ya tura ɗayar don ya zaro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Dogaran sarauniya kuwa suka fito ɗauki. Suka bi ta bakin takalman suka gangara ciki, suka kama aiki.

"Wayyo Allah! Wayyo Yaya! Hammadu, ja ni!"

Baturen ya dafe kai yana cewa, "Kash, garina! Wata uku ina kallonsu!" Hammadu da Labaran suka kama hannuwan Abarshi suka fizgo shi, ya fito yana rawar da ba kiɗa, yana dukan takalma da hula. Da suka zo rafi bai tsaya neman mashigi ba, ya faɗa tsundum don ya kashe zago. Zago sun mutu, gaskiya ne, amma takalman suka cika da ruwa, ƙafafun da suka sha cizo kuma suka soma kumbura.

Baturen ya tambaye shi ko lafiya. Abarshi ya ce, "Lafiya lau! Gwaji ne na yi." Tsohon ya girgiza kai ya wuce gaba, su uku suna biye, kowane taku na Abarshi yana cewa cakwal, cakwal.

Sai da suka hango rumfunan kasuwa sannan abin ya faɗo masa. Takalmi! Shimfiɗar Dagaci! Ya ja shaidu bayan wata kuka, ya zauna ya kama diddige ya ja. Ko motsi. Hammadu ya riƙe shi ta hammata, Labaran ya kama ƙafa ya ja iya ƙarfinsa, hannunsa ya suɓuce ya faɗa cikin ƙaya, ya tashi yana zagi. Hammadu ya ce a zuba nono ko zai yi santsi, ya tuttule ɗan goransa a ciki. Takalmi bai fita ba, sai ƙudaje da suka ji labari suka taho gayya.

Labaran ya ce, "Ga ɗalibanka sun zo, sai ka ƙarasa musu karatu."

"Labaran, don girman Allah, almakashinka na aljihu. Yanka mini."

Tela ya zaro almakashi, ya karkaɗa shi ƙyas-ƙyas, ya yi murmushi. "Sai ka ce Sawaba. Sau ɗaya tak."

"Har abada!"

"To, a sauka lafiya." Ya mai da shi aljihu.

"Tsaya! In faɗa a hankali?"

"Da ƙarfi, Hammadu ya ji."

Abarshi ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Kafin ya yanke shawara sai ga dogarin Dagaci ya leƙo bayan kukar, ya ce Bature ya isa tun ɗazu, gari ya taru, shi kaɗai ake jira. Ya tasa shi gaba.

Ƙofar gidan Dagaci ba masaka tsinke. 'Yan kasuwa sun bar kayansu, mata sun yi cincirindo a bayan zana, samarin Sawaba sun cika gindin durumi. Ja'afaru na durƙushe a gefe, bakinsa sai addu'a. Baturen Gara, da ke can gefe yana jira, ya matso bakin shimfiɗa, ya tsaya, kowa ya riƙe numfashi. Sai tsohon ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya cire, ya cire har safa, ya ajiye gefe, ya taka da fararen ƙafafunsa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe. Mun same ku lafiya?"

Wuri ya ɗauki "Ah!" Huraira ta saki guɗa. Labaran ya yi tsaki ya ce ai ya faɗa.

Dagaci ya amsa da fara'a, sannan ya ce, "Ina mai awon? Abarshi, matso ka ba mu labari."

Cakwal. Cakwal. Cakwal.

Mutane suka dare. Ga Abarshi, riga duk jar laka, hula a karkace, ƙudaje na yi masa rakiya, ƙafafu cikin baƙin takalmi har gwiwa. Ya tsaya nesa da shimfiɗa ya ce daga nan ma ana jinsa.

Dagaci ya ce, "Matso mana. Yau kuma ni kake wa magana daga nesa?"

Ya matso, ya taka shimfiɗa. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, da takalmi!" Ya ce bari ya zube ko ya rage laifi, amma robar ta riƙe gwiwa ta hana ta lanƙwasa. Ya yunƙura da ƙarfi, nono da ruwan rafi suka yi tsartuwa ta bakin takalman, santsi ya ɗebe shi, ya faɗi rigingine tim, tafin takalman biyu suna kallon fuskar Dagaci.

Sai Hammadu ya ce, a hankali, "Ko ɗan gidan uban wane ne, kada a saurari rantsuwarsa."

Kai, ranar an yi dariya a Unguwar Bakoji! Har dogari sai da ya jingina da bango.

Abarshi na kwance yana ihu, "Ranka ya daɗe, wallahi Salama nake! Sharrin zago ne! Shi ne ɗan Sawaban, ya ce talakawa ya fi ƙauna! Da farko dai ya yabi sarauniya, amma daga baya..."

Dagaci ya share ɗigon nono daga gemunsa, ya juya ga baƙo. "Bature, gaya mini da bakinka. Ku malaman jami'a, wace jam'iyya kuke?"

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko ƙuri'a ba ni da ita a ƙasar nan. Abokan aikina kuwa, akwai mai bin wannan, akwai mai bin waccan, kullum gardama muke a wurin cin abinci. Ɗalibai su zo su ƙaryata mu duka. Abin da muke koya musu ke nan, su yi gardama da hujja."

"To shi wannan na kwance, ɗalibinka ne?"

Baturen ya dubi Abarshi da tausayi. "A'a, amma na san shi sarai, tun a daji na gane shi. Shi ne mai tsiren bakin ƙofar jami'a. Wallahi tun da ya tafi ba mu ƙara cin tsire mai daɗin nasa ba."

Abarshi ya rufe ido, ya ce a ransa ƙasa ta tsage. Ƙasa ba ta tsage ba, sai Labaran ne ya yi kururuwa daga gindin durumi.

"Jama'a! Mu tsayawa kawai muke da takalmi, daga nesa. Wannan bawan Allah har kan shimfiɗa ya kai nasa, ya ɗaga su sama! An taɓa jarumi irinsa? Sawaba!"

"Sawaba!"

Samari suka yo kansa, suka sure shi sama, suka saɓa a kafaɗa. Yana ta harbe-harbe da ƙafa yana ihu, "Salama! Ku sauke ni, 'yan banza! Salama nake!" Su ko suna amsawa, "Sawaba, Abarshi! Abarshi shugaba!" Suka nufi kasuwa da shi, yara na bi, ƙudaje na bi. Kafin su sha kwana, da ya ga mata na leƙowa ta kan katanga, har ya fara ɗaga musu hannu.

Ƙofar gida ta yi shiru, sai Huraira da ke share hawayen dariya da bakin zane. Ja'afaru dai bai yi dariya ba, yana durƙushe yana jiran hukunci.

Dagaci ya daɗe yana kallon fararen ƙafafun Baturen, ya kalli jiƙaƙƙiyar shimfiɗarsa, sannan ya ce, "Ja'afaru."

"Na'am, Baffa."

"Wanda ya tsufa a cikin jami'a ya zo ya cire mini har safa. Wanda ya tsaya a bakin ƙofarta ya dawo mini da takalmi har gwiwa. Ashe cutar a bakin ƙofa take. Je ka haɗa kayanka, Allah ya yi maka albarka. Amma in ka isa, ka ji ni da kyau, ko ƙamshin me ka ji kada ka tsaya a ƙofa, ka shige can ciki."